Lokacin da Afirka Ta Mai da Filin Wasa Fagen Yaƙi da Wariyar Launin Fata

A tsakiyar watan Yulin 1976, ana gab da buɗe gasar Olamfik a birnin Montreal na ƙasar Kanada, sai saƙonni suka fara isowa daga gwamnatocin Afirka cewa kowa ya tattara nasa ya nasa ya komo gida. 'Yan wasan sun riga sun sauka, an raba musu ɗakuna a unguwar da aka gina dominsu, sun yi kwanaki suna motsa jiki a filayen atisaye. Wasunsu shekara huɗu suka yi suna jiran wannan mako. Na Masar da Maroko da Kamaru da Tunisiya har sun fara fafatawa kafin nasu umarnin ya iso. Cikin 'yan kwanaki ƙasashe fiye da 20 suka fice, ciki har da Najeriya da Nijar da Ghana da Chadi da Sudan da Kenya da Habasha, sannan Iraƙi da Guyana suka mara musu baya. Senegal da Kwaddibuwa ne suka tsaya aka yi da su. Gasar ƙwallon ƙafa da aka tsara wa ƙasashe 16, da 13 aka buga ta, domin Najeriya da Ghana da Zambiya duk sun tafi.

Abin da ya ɗaure wa mutane da yawa kai a lokacin shi ne, ƙasar da ake fushi da ita, wato Afirka ta Kudu mai mulkin wariyar launin fata, ba ta ma cikin gasar. An kore ta tun 1970. Wadda Afirka ta ce a fitar ita ce New Zealand, laifinta kuwa shi ne 'yan wasanta na zari-ruga suna can suna zagaya Afirka ta Kudu suna wasa da Turawa. Kwamitin Olamfik na Duniya ya ce zari-ruga ba ya cikin wasanninsa, saboda haka babu ruwansa. Jaridun Turai kuwa suka yi ta sukar Afirka cewa ta cusa siyasa a inda ba muhallinta ba.

Duk wanda yake son ya gane abin da wasanni ke iya yi a hulɗar ƙasa da ƙasa, da inda ƙarfinsu ya tsaya, wannan gwagwarmaya ta shekara talatin da ɗoriya ta ishe shi nazari. An fi yawan kawo misalin ƙwallon tebur tsakanin Amurka da Sin a 1971, lokacin da aka gayyaci 'yan wasan Amurka zuwa Beijing, shekara na zagayowa kuma shugaba Nixon ya kai ziyara. Amma waɗancan manyan ƙasashe ne biyu da dama can suna aika wa juna saƙo a ɓoye ta hannun Pakistan, suna neman dalilin gaisawa a fili, wasa ya ba su. Na Afirka daban yake. Ƙasashe ne matalauta da suka sami 'yancin kai jiya-jiya. Ba su da sojan da zai tunkari Pretoria, fadar gwamnatin Afirka ta Kudu, ba su da bankin da zai hana ta bashi, ba su da ikon hawa kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Suka duba suka ga wuri guda da suke da ƙuri'a kuma suke da abin da duniya take so, suka riƙe shi da kyau.

Abin ya faro ne tun a Khartoum a 1957. Ƙasashe huɗu ne suka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF: Masar, Sudan, Habasha da Afirka ta Kudu. Da aka zo shirya gasar cin kofin nahiyar ta farko, Afirka ta Kudu ta ce ko dai ta turo tawagar Turawa zalla ko ta baƙaƙe zalla, amma ba za ta cuɗa su ba, domin tsarin da jam'iyyar National ta kafa tun hawanta mulki a 1948 bai yarda Bature da baƙar fata su sa riga ɗaya ba. Sauran ukun suka ce a'a. Aka yi gasar da ƙasashe uku, Masar ta ci kofin. Wannan ya faru ne makonni kaɗan kafin Ghana ta sami 'yanci, shekara uku kafin Najeriya da Nijar su samu. Tun kafin a kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1963, 'yan ƙwallo sun riga 'yan siyasa yanke hukunci.

Daga nan sai yaƙin ya rabu gida biyu, saboda manyan hukumomin wasanni biyu na duniya ba tsarinsu ɗaya ba. A FIFA kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya gare ta, da Ingila da Mali duk ɗaya ne ranar zaɓe. Yayin da ƙasashen Afirka ke ta samun 'yanci suna shiga, yawansu ya zama ƙarfi. FIFA ta dakatar da Afirka ta Kudu a 1961, shekara guda bayan kisan Sharpeville inda 'yan sanda suka bindige mutum 69. Shugaban FIFA na lokacin, Stanley Rous ɗan Ingila, yana da sassauci ga hukumar Turawan, ya kai musu ziyara, aka ɗage dakatarwar a 1963. A babban taron 1964 a Tokyo ƙuri'un Afirka da Asiya suka mayar da ita. Afirka ba ta manta wa Rous ba. A kan kujerun gasar cin kofin duniya ta 1966 ma an yi ta da shi: cikin gurabe 16, guda ɗaya tak aka ware wa Afirka da Asiya da yankin Ostireliya baki ɗaya su yi kokawa a kai. Ghana ta Kwame Nkrumah, wadda ke riƙe da kofin Afirka a lokacin, tana cikin waɗanda suka ja gaba, ƙasashen nahiyar suka janye gaba ɗaya daga wasannin neman gurbi. A 1970 aka ba Afirka gurbinta na kanta, Maroko ta je. Da zaɓen 1974 ya zo, João Havelange ɗan Brazil ya zagaya Afirka yana alkawarin ƙarin gurabe da kuma rufe wa Afirka ta Kudu ƙofa, ya kayar da Rous da ƙuri'a 68 da 52. A 1976 FIFA ta kori Afirka ta Kudu kwata-kwata.

Kwamitin Olamfik kuwa ba haka yake ba. Mambobinsa su ke zaɓen junansu, kuma a wancan zamani mafi yawansu attajirai ne da 'ya'yan sarautar Turai. Shugabansu Avery Brundage, Ba'amurke, ya tsaya kai da fata cewa a raba wasa da siyasa. A nan Afirka ba ta da yawan ƙuri'a, sai ta yi amfani da abu na biyu da take da shi, wato ƙafafun 'ya'yanta. Tun da Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun yada ƙanin wani a Roma a 1960 ba takalmi, ya sake ci a Tokyo a 1964, duniya ta gane cewa tseren dogon zango ba ya cika sai da Gabashin Afirka. Dambe ma haka, Ghana da Najeriya da Uganda da Kenya suna da hannu a ciki, har Nijar ta ci lambarta ta farko a Olamfik ta hannun ɗan dambe Issaka Daboré a 1972. Birnin da ya kashe maƙudan kuɗi ya gina filaye ba ya son a ce nahiya guda ba ta zo ba.

Domin a haɗa wannan ƙarfi wuri ɗaya aka kafa Majalisar Ƙoli ta Wasannin Afirka a Bamako a ƙarshen 1966. Sakatarenta shi ne Jean-Claude Ganga ɗan Kwango Brazzaville, daga baya kuma Abraham Ordia ɗan Najeriya ya zama shugabanta, ya daɗe a kai. Masu ba su bayanan abin da ke faruwa a cikin gida su ne 'yan Afirka ta Kudu da ke gudun hijira, musamman SANROC, kwamitin yaƙi da wariyar launi a wasanni da Dennis Brutus ya assasa. Brutus malamin makaranta ne kuma marubucin waƙoƙi. 'Yan sanda sun harbe shi a Johannesburg a 1963 yana ƙoƙarin tsere musu, ya tsira da ransa, aka ɗaure shi a tsibirin Robben inda Nelson Mandela yake. Da ya fito ya koma Landan ya ci gaba daga inda ya tsaya.

An hana Afirka ta Kudu zuwa Tokyo a 1964. A farkon 1968 Kwamitin Olamfik ya yarda ta dawo domin gasar Meziko, bisa alkawarin za ta kawo tawaga mai ɗauke da kowane launi, duk da cewa a gida ba za su yi gwajin fitar da gwani tare ba. Ƙasashe fiye da 30 suka ce to su ba za su je ba, Tarayyar Sobiyet ta nuna alamar bin su, mai masaukin baƙi ta shiga damuwa. Ba a cika wata uku ba aka janye gayyatar. A 1970 aka kore ta. A 1972 haka aka yi wa Rodeshiya (Zimbabwe ta yanzu) ta Ian Smith, mai mulkin Turawa tsiraru, wadda 'yan wasanta sun riga sun iso Munich, aka kaɗa ƙuri'a kwanaki kaɗan kafin buɗe gasa, 36 suka rinjayi 31, aka sallame su. Abin lura a nan, a duk waɗannan lokuta barazana ce kawai ta yi aiki. Ba a kai ga ƙauracewar ba.

Sai dai Olamfik da ƙwallon ƙafa ba su ne zuciyar Baturen Afirka ta Kudu ba. Ƙwallon ƙafa a can wasan baƙaƙe ne. Abin da Bature, musamman Ba'afrikane mai magana da harshen Afrikaans, yake ji da shi har cikin ransa shi ne zari-ruga, sai kuma kurket. Waɗannan wasanni biyu kuwa suna hannun ƙasashe kaɗan ne, Ingila da Ostireliya da New Zealand da makamantansu, inda Afirka ba ta da bakin magana. Kurket ya faɗi da wuri saboda taurin kan gwamnatin Pretoria kanta. A 1968 Ingila ta sa Basil D'Oliveira a tawagar da za ta je can, mutumin da aka haifa a Cape Town amma launinsa ya hana shi buga wa ƙasarsa, ya yi ƙaura. Firaminista John Vorster ya ce ba za a karɓi tawagar ba, aka soke tafiyar. A 1970 matasan Birtaniya suka tayar da ƙayar baya kan ziyarar da 'yan kurket na Afirka ta Kudu za su kawo, ƙasashen Afirka da Asiya kuma suka ce ba za su je wasannin Ƙasashe Renon Ingila a Edinburgh ba idan aka bari suka zo. Gwamnatin Birtaniya ta nemi a soke, aka soke.

Zari-ruga ne ya gagara. Tsakanin Springboks na Afirka ta Kudu da All Blacks na New Zealand akwai tsohuwar gasa da kowane ɓangare ke ɗauka da girma ƙwarai. Shekara da shekaru New Zealand tana barin 'yan wasanta na ƙabilar Maori a gida idan za ta je can, don kada ta ɓata wa masu masauki rai. A 1970 aka bar su suka shiga bayan an ba su matsayin Turawan girmamawa, abin da shi kansa cin fuska ne. A 1973 firaminista Norman Kirk ya hana Springboks zuwa, amma Robert Muldoon ya ci zaɓen 1975 yana cewa gwamnatinsa ba za ta tsoma baki a harkar wasa ba. To ranar 16 ga Yunin 1976 'yan makaranta suka fito a Soweto suna ƙin a tilasta musu karatu da harshen Afrikaans, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Hoton Hector Pieterson, yaro ɗan shekara 12, ana ɗauke da shi a hannu jini na zuba, ya zagaya duniya. Watan bai ƙare ba All Blacks suka fara wasanninsu a ƙasar. Wannan ne ya kai Afirka bango. Julius Nyerere ya fara hana 'yan Tanzaniya tafiya tun daga gida. A Najeriya Janar Olusegun Obasanjo ne ke mulki, wata biyar bayan kisan Janar Murtala Muhammad, wanda ya riga ya ɗora ƙasar kan turbar tsayawa tsayin daka a al'amuran kudancin Afirka, ministan harkokin waje kuma Joseph Garba ne. Ba wanda ya yi mamakin inda Najeriya ta tsaya.

A ganina dabarar Montreal tana da zurfi fiye da yadda masu sukarta suka ɗauka. Tunda an riga an kori mai laifi daga ko'ina da hannu zai kai, abin da ya rage shi ne a sa abokan wasansa su ji a jikinsu. Ko a kasuwa, idan 'yan kasuwa suka yanke hulɗa da macuci amma mutum ɗaya ya ci gaba da saye a wurinsa, to hukuncin bai zauna ba sai an juya kan wannan mutum ɗayan. An ce Afirka ba ta ci nasara ba tunda ba a kori New Zealand ba, kuma gaskiya ne ba a kore ta ba. Amma a Yunin 1977 shugabannin Ƙasashe Renon Ingila suka sa hannu kan yarjejeniyar Gleneagles a Sikotland, inda kowace gwamnati ta ɗauki alkawarin yin iyakar ƙoƙarinta wajen hana hulɗar wasanni da Afirka ta Kudu, Muldoon ma ya sa hannu. Kanada ce ta fi kowa matsuwa a cim ma wannan, domin ita za ta karɓi wasannin ƙungiyar a Edmonton a 1978, kuma ta ga abin da ya faru a Montreal da idonta. Duk da haka Najeriya ba ta je Edmonton ba, ta ce ba ta gamsu da halin New Zealand ba.

A Majalisar Ɗinkin Duniya ma hannun Najeriya a ciki yake dumu-dumu. Kwamitin musamman na yaƙi da wariyar launin fata ya daɗe yana ƙarƙashin shugabancin jakadun Najeriya ɗaya bayan ɗaya, cikinsu akwai Leslie Harriman, da Alhaji Yusuf Maitama Sule Ɗanmasanin Kano a zamanin Shagari, da Joseph Garba, da Ibrahim Gambari. Majalisar ta fitar da sanarwa kan wariya a wasanni a 1977, ta mai da ita yarjejeniya a 1985. Aka kuma riƙa buga jerin sunayen 'yan wasan da suka je suka yi wasa a Afirka ta Kudu, domin ƙasashe su san wanda za su hana shiga. Gwamnatin Pretoria da kamfanoninta suka mayar da martani da kuɗi, suna sayen 'yan wasa su zo a ɓoye ko a fili. 'Yan kurket baƙaƙe daga tsibiran Karebiyan da suka karɓi kuɗin suka je a 1983, hukumarsu ta haramta musu wasa har abada, wasunsu kuma suka koma gida jama'a ta juya musu baya.

Inda abin ya fi nuna tasirinsa shi ne cikin New Zealand kanta. Muldoon ya bar Springboks suka zo a 1981, ƙasar ta dare gida biyu, wa da ƙane ba sa ga-maciji. Ranar 25 ga Yuli, a garin Hamilton, ɗaruruwan masu zanga-zanga suka karya shinge suka kutsa tsakiyar fili, suka sarƙe hannuwa suka ƙi motsi, 'yan kallo na ta jifansu da kwalabe da gwangwanaye. Aka soke wasan. Ana nuna shi kai tsaye ta talabijin a Afirka ta Kudu, inda mutane suka tashi tun da asuba domin kallo, suka ga fararen fata irinsu a tsaye cikin fili suna ƙin jininsu. A wasan ƙarshe a Auckland cikin Satumba, wani ƙaramin jirgin sama ya yi ta shawagi ƙasa-ƙasa a kan filin yana sako ƙunshin garin fulawa, ɗaya ya faɗa kan ɗan wasan All Blacks Gary Knight ya kayar da shi. Bayan wannan, kotu ta dakatar da tafiyar da All Blacks suka shirya a 1985, kuma aka yi gasar cin kofin duniya ta zari-ruga ta farko da ta biyu, a 1987 da 1991, babu Springboks. A 1986 kuma ƙasashe 32 suka ƙaurace wa wasannin Edinburgh, Najeriya na sahun gaba, saboda Margaret Thatcher ta ƙi yarda a ƙaƙaba wa Pretoria takunkumin tattalin arziki.

Kada a zuzuta abin ya wuce ƙima. Wasanni ba su ne suka rushe mulkin wariya ba. Boren cikin gida na shekarun 1980 da ƙungiyoyin ƙwadago, da bankunan duniya da suka ƙi sabunta wa ƙasar bashi a 1985, da dokar takunkumin da majalisar Amurka ta zartar a 1986 duk da ƙin amincewar shugaba Reagan, da yaƙin Angola, da ƙarewar yaƙin cacar baka, waɗannan ne suka kai shugaban ƙasar De Klerk teburin sulhu. Amma takunkumin kuɗi yana da ɓaraka da yawa, zinari yana fita, mai yana shiga ta bayan fage, kuma talaka baƙar fata ya fi kowa ɗanɗana kuɗarsa. Na wasa kuwa ba ya ɓoyuwa, kuma kai tsaye yake sauka kan Baturen da ke da ƙuri'a. Kowace Asabar yana tuna masa cewa duniya ba ta son zama da shi. Hujja mafi ƙarfi ita ce ƙuri'ar raba gardama ta Turawa zalla da aka yi ranar 17 ga Maris 1992 kan ko a ci gaba da tattaunawa da ANC, jam'iyyar Mandela. A daidai lokacin 'yan kurket na ƙasar suna gasar cin kofin duniya a karon farko, suna kan hanyar kaiwa wasan kusa da na ƙarshe, masu kamfen ɗin a ce i kuma suka riƙa tuna wa jama'a cewa cewa a'a yana nufin komawa zaman kaɗaici. Kusan kashi 69 cikin 100 suka ce i.

Akwai waɗanda suka biya farashin wannan nasara, kuma ba a cika ambatonsu ba. Filbert Bayi na Tanzaniya shi ke riƙe da tarihin duniya na mita 1,500 tun 1974, duniya na jiran karonsa da John Walker na New Zealand a Montreal. Bayi yana gida, Walker ya ɗauki zinari. John Akii-Bua na Uganda, wanda ya ci tseren tsallake shinge na mita 400 a 1972, bai sami damar kare kambunsa ba. Kenya ta ƙaurace a 1976 saboda Afirka ta Kudu, ta sake ƙauracewa a 1980 saboda Amurka, shi ya sa Henry Rono, wanda ya kafa tarihin duniya har huɗu cikin kwana 81 a 1978, bai taɓa yin tsere a Olamfik ba. Ƙarfin ɗan wasa 'yan shekaru ne, idan suka wuce sun wuce. Ministan da ya ba da umarni yana nan kan kujerarsa, ɗan wasa ne ya rasa abin da ba zai dawo ba. Ina ganin sadaukarwar 1976 ta cancanta, amma ya kamata a san daga jikin wa aka yanka.

Saboda tsadarsa ne ya sa wannan makami ba ya aiki a hannun kowa. Shugaba Carter na Amurka ya ɗauke shi a 1980 bayan sojojin Sobiyet sun shiga Afghanistan, ƙasashe fiye da 60 ba su je gasar Olamfik ta Mosko ba. Ya tura Muhammad Ali ya zagaya Tanzaniya da Kenya da Najeriya da Laberiya da Senegal neman goyon baya. Nyerere ya ƙi ganinsa, 'yan jarida kuma suka tambaye shi ina Amurka take lokacin da Afirka ta fice daga Montreal. Najeriya ta je Mosko. Sojojin Sobiyet ba su bar Afghanistan ba sai 1989, abin da aka samu kawai shi ne ramuwar gayya, Sobiyet da ƙawayenta suka ƙaurace wa gasar Los Angeles a 1984. Bambancin a fili yake: laifin Afirka ta Kudu yana cikin wasan kansa, tunda doka ce ta hana baƙi da fari gudu a layi ɗaya, buƙatar da aka gabatar kuma kowa na iya auna ko an cika ta. Mamayar Afghanistan ba ta da alaƙa da fili, kuma Mosko ba ta da masu zaɓen da za su matsa mata. Ko dakatar da Rasha da FIFA ta yi a ƙarshen Fabrairun 2022 saboda mamaye Ukraine, ba ta yi ba sai da Poland da Sweden da Jamhuriyar Czech suka ce ba za su shiga fili da ita ba, wato hanyar da Afirka ta bi tun 1957. Yaƙin Ukraine kuwa bai tsaya saboda haka ba.

Misalin da ya fi mini ciwo na gida ne. Mandela ya fito daga kurkuku a Fabrairun 1990, ƙasarsa ta koma Olamfik a Barcelona a 1992, ya zama shugaba a 1994. Ranar 24 ga Yunin 1995 ya shiga filin Ellis Park sanye da rigar Springboks mai lamba 6, rigar da baƙaƙe suka tashi suna ƙi, ya miƙa wa kyaftin Francois Pienaar kofin duniya bayan sun doke New Zealand da ci 15 da 12. Wata biyar bayan nan, ranar 10 ga Nuwamba, gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas 'yan Ogoni a Fatakwal, daidai lokacin da shugabannin Ƙasashe Renon Ingila ke taro a Auckland. Mandela, wanda ya yi ta bin hanyar lallashi a asirce, ya fusata, ya goyi bayan dakatar da Najeriya daga ƙungiyar, ya kuma yi kira a sa wa man fetur ɗinta takunkumi. Gasar cin kofin Afirka ta Janairun 1996 a Afirka ta Kudu za a yi ta, Najeriya ce ke riƙe da kofin tun Tunisiya 1994. Abacha ya hana Super Eagles tafiya, aka ce wai ba a da tabbacin tsaron lafiyarsu.

Babu ƙasa ko ɗaya da ta bi Najeriya. Babu wata buƙata da aka gabatar wadda za a ce idan an biya ta za a dawo. Mai masauki ba ta rasa komai ba, hasali ma an ɗauke mata babbar abokiyar hamayya: aka yi gasar da ƙasashe 15, Afirka ta Kudu ta doke Tunisiya da ci 2 da nema a wasan ƙarshe, Mandela ya sake shiga fili da rigar 'yan wasa. CAF ta hukunta Najeriya da hana ta gasar 1998 a Burkina Faso. Tawagar da aka yi wa wannan ita ce wadda mutane da yawa ke ganin ƙasar ba ta taɓa samun kamarta ba, kuma ta nuna haka a 1996, lokacin da su Kanu da Okocha da Amokachi da Garba Lawal da Tijjani Babangida suka doke Brazil da Ajantina suka ɗauko zinarin Olamfik a Atlanta. Gasar Afirka biyu suka wuce su suna kan ganiyarsu. Matsayin Najeriya a idon duniya kuwa bai gyaru ba sai da Abacha ya rasu a Yunin 1998 aka koma mulkin farar hula, Ƙasashe Renon Ingila suka karɓe ta a Mayun 1999. Da aka dawo gasar a 2000, Babangida ya zura wa Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe a Legas, amma Kamaru ta ƙwace kofin a bugun fenareti. Najeriya ba ta sake ɗaga shi ba sai 2013, lokacin da taurarin Atlanta sun riga sun rataye takalmansu.